Abin da Garma Ke Tonowa: Na'urar Gano Ƙarfe da Tarihin da Ke Kwance a Gonakinmu

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Dambatta, ƙasa ce da ba ta san hutu ba. Gona na jingine da gona, gida na hango gida, kuma da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ci karo da rijiya ko rumbu ko inuwar ɗorawa ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya kuma nuna wa duniya yadda jama'a masu yawa suka daɗe suna noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba. Sirrin abin shi ne taki. Jakuna kan shiga birni da itace, su fito da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, a baza a gona kafin saukar damina.

Wannan al'ada tana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. Duk abin da ya faɗi a tsakar gida aka share shi, ko anini ne, ko zobe, ko ɗan kunne, ko tsakiyar da ta tsinke daga wuyan amarya, ƙarshensa juji, kuma ƙarshen juji gona. A kan haka sai a ƙara kufan garuruwan da suka tashi, da wuraren da maƙera suka narka tama, da filayen da aka gwabza yaƙi. Ashe ke nan gonakinmu taska ce ta rayuwar talakawan da marubutan tarihin sarauta ba su ambaci sunayensu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wannan taska ta sami sabon mabuɗi, wato na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, kuma har yanzu ba mu zauna mun tattauna wanda ya kamata ya riƙe shi ba.

A Ingila da Amurka yawo da wannan na'ura abin nishaɗi ne. Mutum zai tashi ranar hutu ya nufi fili ko gona, ya wuni yana neman tsofaffin kuɗi, ya dawo gida da maɓalli biyu da kwabo ɗaya yana murna. A ƙasar Hausa kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Lokacin da aka gano zinare a Djado, can arewacin Nijar, a shekarar 2014, dubban matasa sun kwarara cikin Sahara, kuma da irin wannan na'ura aka riƙa share rairayi. Ta nan, da ta wuraren haƙar zinare na Zamfara, mutanenmu suka san ta. Yanzu ga bidiyoyin masu tono sun cika YouTube da TikTok, ga kuma masu araha daga cikin na'urorin ana sayarwa ta intanet. Saurayin da ya ga Bature ya tono tukunyar azurfa a gona ba zai daɗe ba zai tuna cewa a bayan ƙauyensu ma akwai kufai.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda take aiki, domin a nan ne matsalar ta faro. A ƙarshen sandar akwai faifai mai ɗauke da nannaɗaɗɗiyar waya. Lantarkin batir na bi ta cikinta ya haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, sai ƙarfen ya mayar da nasa martanin, na'urar ta ji, ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Masu kyau daga cikinsu suna iya bambanta baƙin ƙarfe da tagulla ko azurfa. Ƙaramin abu kamar kwabo ba ta cika jin sa ba idan zurfinsa ya wuce taƙi ɗaya zuwa taƙi ɗaya da rabi, kuma ƙasa mai marmara takan ruɗa ta saboda tamar da ke ciki. Babban abin lura shi ne, ƙarfe kaɗai take ji. Ba ta jin wuri, ba ta jin tsingaro, ba ta jin gawayi, ƙashi, dutsen niƙa ko tsakiya. Alhali kuwa waɗannan su ne mafi yawan abin da kakanninmu suka bari, kuma su ne mai tono ke watsarwa gefe da shebur yana sauri ya kai ga abin da ya yi ƙara.

Ɗauki wuri a matsayin misali. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Daga tekun Indiya ake kawo shi, musamman tsibiran Maldibis, ya ratso rabin duniya kafin ya iso Kurmi. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Attajirai kuwa da ƙeso suke lissafi, buhu mai cin wuri 20,000. Saboda haka idan wani bafatake ya binne dukiyarsa a tulu lokacin Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, ya fi yiwuwa wuri ne a ciki, kuma na'ura za ta wuce ta kansa shiru.

To, me za ta samo? Mafi yawa kuɗin zamanin Turawa. A 1907 aka fara buga anini da kwabo domin wannan ƙasa, masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Aninin farko da sanholo aka yi shi, kuma yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, sai dai bai jure ba, aka sauya shi da gamin jan ƙarfe da nikel tun a 1908. Anini goma ke yin kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam guda. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, waɗannan kuɗi suka malala har cikin lungunan karkara, haraji kuma ya tilasta wa kowane magidanci ya neme su. Akwai ma kwabon 1936 mai ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekara. A ƙasarsa kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma a nan an sayi ƙosai da shi. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa, har da taro mai hoton auduga, kafin Naira da kwabo na yanzu su karɓi fage ranar 1 ga Janairu, 1973.

Gaskiyar da ya kamata matasanmu su ji ita ce, an buga waɗannan kuɗi miliyoyi a kan miliyoyi, don haka mafi yawansu ba su da wata daraja a kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi. Ko dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Austiriya, wadda iyayenmu mata suka riƙa kai wa maƙeran fari su mayar da ita zobe, darajarta ba ta wuce ta azurfar da ke jikinta ba, kimanin giram 23 cikin nauyinta na giram 28. Shekarar 1780 da ke jikinta ma ba shaidar tsufa ba ce, domin bayan rasuwar sarauniyar a wannan shekara an ci gaba da buga dalar da lamba ɗaya har zuwa zamaninmu. Jita-jitar da ke yawo cewa kwabo mai huji ko tsohon dutsen guga na ɗauke da wani sinadari da ake saye da miliyoyi, tarkon 'yan damfara ne kawai. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini gwangwanin madara cike da abin da mahaifinsa ya tsinta a gona cikin shekaru masu yawa na huɗa: anini bakwai, kwabo huɗu, kan kibiya, guntun lofe na yumɓu, da wasu dunƙulallun baƙaƙen duwatsu masu ramuka. Ya ce, "Malam, wani ya taya kuɗin, amma ya ce duwatsun a zubar." Na tambaye shi inda aka samo duwatsun, ya ce duk daga kusurwa ɗaya ta gonar suke, inda gero ba ya yin kyau. Waɗannan duwatsu kashin tama ne, abin da ke saura bayan an narka ƙarfe, kuma tarinsu a wuri ɗaya alama ce cewa a nan aka taɓa yin matoya. A wurin mai nazarin tarihi sun fi duk sauran abin da ke cikin gwangwanin daraja. Irin wannan shaida ce aka samu a gindin Dala, aka auna gawayin da ke tare da ita, aka gane cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a wurin, ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda.

Wannan shi ne abin da ke cikin haɗari. Tsohon abu yana magana ne da bakin wurin da aka same shi. Ƙasa tana taruwa hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Kwabon 1920 da aka samu a kan daɓen ɗaki yana gaya mana cewa an zauna a ɗakin har zuwa wannan shekara ko bayanta. Gawayin da ke cikin murhu, idan ba a cakuɗa shi da ƙasar sama ba, gwajin kimiyya zai faɗi shekarunsa. Amma da zarar an fizge abu daga makwancinsa an jefa a aljihu, ya zama bebe. Haƙa kuwa sau ɗaya ake yin ta. Littafin da aka karanta ba daidai ba ana iya sake buɗe shi, ramin da aka tona ba daidai ba ya tafi ke nan.

Kuma yankin da muke magana a kai ba ƙaramin tarihi ke gare shi ba. A Fanisau ne Baturen nan Hugh Clapperton ya gana da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a farkon 1824, lokacin da Sarki ke fama da yaƙin Ɗan Tunku, wanda zuriyarsa ke sarautar Kazaure. A zamanin Sarki Alu rundunar Damagaram ta kutso har Gezawa da Tattarawa. Ta nan ayarin fatake ke bi zuwa Katsina da Daura da Damagaram, ga ragowar ganuwoyi, ga tsofaffin marina. Kan mashi ko likkafa ko ƙaimi ɗaya ba zai ce komai ba, amma idan aka rubuta inda aka tsinci ɗari daga cikinsu aka ɗora a taswira, za a iya ganin inda aka ja dāgā.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Gumakan yumɓu na Nok, da makamantansu na yankunan Katsina da Sakkwato, an yi musu wawa a shekarun 1990. Dillalai sun riƙa biyan mutanen ƙauye ladan da bai taka kara ya karya ba, su kwashe kayan zuwa Turai, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Kwatanta wannan da Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, inda masana suka yi haƙa bisa ƙa'ida a 1992. An sami 'yan kunne na zinare, kwanon tagulla irin na ƙasashen Larabawa, mundaye na hauren giwa, duwatsun ado da wuri. Da yake an rubuta inda kowane abu yake, sai kaburburan suka ba da labarin hulɗar ƙasar Katsina da duniyar Musulmi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Da ɓarayi ne suka riga isa, da tuni zinaren ya narke a kasuwa. Abin kunya ne mu yi ta murnar dawo da kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897, kamar waɗanda Jamus ta mayar a Disambar 2022, alhali na bayan gidanmu muna sayar wa 'yan jari-bola a kan sikeli.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana haƙar neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta wajabta wa wanda ya tsinci irin wannan abu ya sanar cikin kwana bakwai, ta hana saye da sayarwa sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba da takarda ba. Sai dai tarar da ke cikinta da darajar Nairar 1979 aka yanka ta, kuma manomin Kunci ko Tsanyawa bai taɓa jin labarinta ba. Wanda ya ji ma tsoro yake kada ya kai rahoto a ƙwace masa gona ko a tsare shi.

Shari'a ma ta riga ta yi bayani. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta rikazi da tsintuwa. Rikazi shi ne abin da mutanen jahiliyya suka binne: ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran kuma na mai ƙasar ne. Abin da ke da alamar Musulmi ne suka binne shi kuwa hukuncin tsintuwa yake ɗauka, a yi cigiyarsa shekara guda. Haka nan sun karhanta tona kaburbura don neman dukiya ko da na jahiliyya ne, ballantana na Musulmi, wanda alfarmarsa a mace kamar alfarmarsa ce a raye. Darasi biyu ke nan: mai gona yana da haƙƙi a kan abin da ke cikin gonarsa, jama'a ma suna da nasu kason. Saurayin da ya shiga gonar wani da dare da na'ura ya saɓa wa dokar ƙasa, ya kuma ci haƙƙin maƙwabcinsa.

Wasu za su ce a haramta na'urar baki ɗaya. Ban goyi bayan haka ba. An haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, amma kowa ya san ba a daina ba. Hani ba tare da mai tsaro ba yana mayar da aikin rana ya koma na dare ne kawai. Ingila ta bi wata hanya. A 1992 wani dattijo da ke neman gudumar da ta ɓace wa abokinsa manomi a ƙauyen Hoxne ya ci karo da tsabar kuɗin Rumawa kusan 15,000. Bai ci gaba da tono ba, ya sanar, washegari masana suka zo suka kwashe bisa tsari, aka biya ladan fam miliyan 1.75 ya raba da manomin. Bayan haka aka yi dokar dukiyar binne ta 1996, wadda ta ba mai tsintuwa kwana 14 ya kai rahoto, a kimanta abin, gidan tarihi ya biya. A 1997 kuma aka fara wani shiri na rajistar ƙananan tsintuwa bisa raɗin kai, inda jami'i zai ɗauki hoto ya rubuta wurin, ya mayar wa mutum kayansa. Zuwa yau an rubuta abubuwa sama da miliyan ɗaya da rabi. Tarin zinaren Staffordshire da aka gano a 2009 an kimanta shi fam miliyan 3.285, aka raba tsakanin mai na'ura da mai gona. Tsarin yana da masu sukarsa, amma ya tabbatar da abu ɗaya: idan gaskiya tana da lada, mutane za su faɗe ta.

Ba mu da kuɗin Ingila, amma muna da abin da ba su da shi, wato mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda suka san kowace gona da mai ita. Shawarata ita ce Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Makama, da masarauta, da sassan tarihi na jami'o'inmu, su haɗa hannu su buɗe rajistar tsintuwa. A ba da lambar waya guda wadda manomi zai aika hoto ta WhatsApp tare da sunan ƙauye da gonar. A yi shela a rediyo da masallatan Juma'a cewa wanda ya sanar ba za a taɓa gonarsa ba, ƙananan abubuwa za a rubuta a bar masa, muhimmai kuma a biya shi lada a rubuta sunan ƙauyensu a jikin abin a gidan tarihi. Ɗalibanmu da ke neman batun kundin kammala digiri a tura su gundumomi da rani, bayan an kwashe kara, su zauna da dattawa su rubuta sunan kowane kufai da labarinsa, tare da jagorancin Sashen Nazarin Kayan Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Majalisar Tarayya kuma ta sabunta dokar 1979, ta sa lada a gefen tara.

Ga matashin da ya riga ya mallaki na'ura ko yake shirin saye, ga abin da zan ce masa. Kada ka shiga gona sai da yardar mai ita da sanin mai unguwa, ku kuma yi magana a kan rabo tun kafin a sami komai. Ka tsaya a ƙasar da garma ta riga ta juya, kada ka zarce ƙasa da nan. Ka nisanci maƙabarta, kufai da gindin ganuwa. Ka cike ramin da ka tona, kada dabbar wani ta karye. Kada ka goge abin da ka samu da toka ko ruwan batir. Ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka rubuta wurin a wayarka. In kuwa ka ci karo da tulu ko ƙashi ko tarin abubuwa wuri ɗaya, ka dakata, ka rufe, ka kira masana.

Na san za a ce mutumin da ke fama da tsadar taki da kuɗin makaranta ina ruwansa da tsingaro. Amsata ita ce, shi ne ma ya fi kowa asara, domin dillali zai ba shi na cefanen kwana biyu ya tafi da abin da ba zai dawo ba, kuma tarihin da ake kwashewa na kakanninsa ne, masaƙa da marina da maƙera da fatake, waɗanda aikinsu ya sa sunan Kano ya kai Tarabulus da Gwanja. Lokaci kuma ba ya jira. Birni na cinye gonakin Ungogo da Dawakin Tofa fuloti bayan fuloti, motocin tifa na kwashe ƙasa dare da rana, dattawan da suka san sunan kowane kufai suna ta yi mana sallama. Abin da ba mu rubuta ba a wannan zamani, jikokinmu ba za su same shi ko da sun zo da na'urar da ta fi tamu ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari, Ya sa mu zama masu riƙon amanar abin da muka gada.